Wa Ke Kai Ƙura Ɗakin Auta?

Litinin, 6:40 na yamma

Likita ta ba mu mako uku. In mun koma ƙirjin Auta bai daina wannan kukan ba, to ko garejina ya bar gidan ko yarinyar ta bar shi. Tana rubutu ta faɗa, ko ɗago kai ba ta yi ba. Shekara tara ina aikin katako a garejin nan, a cikinsa na yi gadon da Autar take kwana a kai, yau an wayi gari shi ne mai laifi.

Abin da ya faru ranar Asabar ba zan rubuta ba. Ni na ɗauke ta a kafaɗa har asibiti, na ga launin leɓenta. Shekararta shida.

Abin da ya tsaya min a rai shi ne, wa ya gaya wa likita ina aiki a gida? Maman Auta ta ce tambayarta aka yi ta amsa. Amma yayanta mai kemis ya riga mu shiga ofishin, wai gaisawa. Mutumin da sayar da maganin ciwon kai ya sa yake jin kansa rabin likita. Tun a mota ya fara: "Kafinta, ga ɗaki can a gidana babu kowa, ta zo da yarinyar su sha iska." Tun ranar da na bar kamfanin kujeru na dawo gida da injunana ɗakin nan yake a bakinsa.

Ba na zargin kowa. Rubutawa kawai nake yi don kar in manta.

Talata, 2:15 na rana

Na leƙa shagon masu injuna, na ji farashin na'urar zuƙe ƙura ta kanti, na yi musu sallama cikin ladabi. Daga nan na wuce wurin Tartsatsi mai walda. Ya zana min abin a ƙasa da guntun ƙarfe: durom ɗin roba mai murfi, bututu ya shiga ta gefe don iska ta riƙa juyawa garin katako ya faɗa ƙasa, wani bututun ya fita ta tsakiyar murfi zuwa fanka, fanka ta hura sauran cikin buhun yadi. Yana da wata tsohuwar fanka ta gidan burodi da aka jefar, ya ce zai gyara min ita.

Sai ya ƙara da cewa, "Malam, durom mai nauyin yake kamawa. Mai laushin nan buhu ba ya riƙe ta duka. Ka kai buhun bakin titi, ka ɗaga bututu sama da rufi."

Bakin titi? Don Dogo kafinta ya tsaya ya ƙare masa kallo, kamar yadda ya yi wa kujerata mai naɗewa, bayan wata biyu na gan ta a ƙofar shagonsa? Ko don ɓarayi su kwance fankar? Kuma na lura Tartsatsi shi ma yana sayar da bututu. Na ce masa zan duba. A lungun da ke tsakanin gareji da bangon gida zan sa, inda babu idon kowa.

Alhamis, 5:30 na yamma

Kwana biyu ina fama. Murfin durom yana shan iska ta gefe, na yanka tsohon tubun keke na zagaye shi. Na toshe bakin tiyo da tafin hannu don in gwada ƙarfinsa, durom ya lotse kamar gwangwanin madara. Na yi masa zobe na katako daga ciki. Bututun roban kuma in ka taɓa shi yana aiki sai ya ɗan ja ka kamar lantarki, na naɗa masa waya na kai ƙasa.

Buhun Maman Auta ce ta ɗinka da tsohon zanin gado. Tana miƙo min ta ce, "Baban Auta, anya wannan zai riƙe ƙura? Ina hango hannuna ta cikinsa." Na ce ita da ɗinki aka sani, ni da katako.

Juma'a, 11:05 na safe

Injin ƙurar ya tashi.

Asabar, 4:50 na yamma

Na yanka katako tun safe, na goge da samfefa, na duba ƙasan gareji: tas. Da can in na gama aiki har gashin girana fari yake yi. Durom ya kusa rabi. Na kira Maman Auta ta gani, ta ce madalla, amma madallar ba ta kai ciki ba.

Auta ta sa wa injin suna jirgi, saboda ƙara. Na janye mata gado daga kusa da ƙofa na mayar ƙarƙashin bulon nan masu huda na bangon baya, inda iska ke shigowa, don ta riƙa samun mai kyau. Tun da likita ta hana ta makaranta a ɗakin take wuni.

Yau na ji daɗi. Na daɗe ban ji haka ba.

Litinin, 3:20 na rana

Yaya mai kemis ya zo duba yarinya. Na kai shi gareji da kaina, na ce ya shafa duk inda ya ga dama. Ya shafa, babu komai. Ya wuce ɗakin Auta, ya sa yatsa a kan allon gadonta, ya ɗago min. Ja. Jar ƙura, irin ta katakon maɗacin da na yi aiki da shi yau.

"Kafinta, garejin ya warke, saura yarinyar."

Amma ya aka yi ya san inda zai sa yatsa? Bai shafa taga ba, bai shafa tebur ba, kai tsaye allon gado. Kuma hannunsa ɗaya yana cikin aljihu tun shigowarsa.

Talata, 7:15 na safe

Na sa wa murfin durom kwaɗo. Na sa wa gareji sabon kwaɗo. Makullan suna wuyana. Na goge ɗakin Auta da jiƙaƙƙen tsumma, na ajiye baƙin faranti a kan allon gadon, in ga ta inda ƙura za ta biyo.

Laraba, 5:45 na yamma

Faranti ya yi ja. Yaya bai zo ba jiya, bai zo ba yau.

Sau uku Auta ta shaƙi maganinta tun safe. Na shiga na zauna kusa da ita, tana magana tana hutawa a tsakani. Wai, "Baba, in jirginka ya tashi kifaye suna zuwa ɗakina, ƙanana ƙanana, suna iyo a cikin rana." Na ce to, ta gaishe su. Na tambaye ta wa ke shigowa ɗakin in ina aiki. Ta ce Mama kaɗai.

Mama kaɗai.

Alhamis, 1:30 na rana

Na buɗe durom na ɗebo, na kwatanta da na faranti. Ba ɗaya ba ne. Na durom yana da tsaki-tsaki, kana jin sa a yatsa. Na faranti kuwa laushi kamar hodar jarirai. Injina ba ya ware gari haka. In har daga durom aka ɗebo, to tankaɗe shi aka yi.

Wa ke da rariya a gidan nan?

Ba na zargin kowa. Shekara goma sha bakwai muna tare. Amma na san ta gaji da ƙarar inji, ta sha faɗa. Na san kuma tana son in koma kamfani, inda ake biya ƙarshen wata. Jiya na shigo falo tana waya da yayanta, tana ganina ta ce "sai anjima."

Juma'a, 10:00 na safe

Na shiga kicin tana wanki a waje. Rariyar tana rataye a ƙusa, gefenta da ɗan ja-ja. Na lasa. Barkono ne. Amma mai wayo ai zai iya bi da barkono daga baya. Na ɗauke ta na kulle a akwatin kayan aikina.

Yau farin katako kaɗai zan taɓa. In faranti ya yi ja gobe, na san tsohon gari aka ɓoye ake barbaɗawa.

Asabar, 7:00 na safe

Fari. Wato mai yin abin nan yana bin aikina kwana-kwana.

Asabar, 12:40 na rana

Ta nemi rariyarta har ƙarƙashin gado. Ta tambaye ni, na ce me zan yi da rariya. Ta daɗe tana kallona.

Lahadi, 6:10 na yamma

Ranar hutuna. Maman Auta ta tafi dubiyar wata ƙawarta tun hantsi, ni na zauna da yarinya. Ko sau ɗaya ba ta nemi magani ba. Ta ci abinci, ta yi min kitso a gemu, har ta yi gudu zuwa ƙofa. Na duba faranti da yamma: baƙi ƙirin, babu ko ɗigo.

Ranar da ba ta gida, babu ƙura. Na so a ce ban lura ba. Wallahi na so.

Litinin, 8:20 na safe

Na faɗa mata. A kicin, a tsaye. Ban ɗaga murya ba, na jera mata ne dalla-dalla: faranti, waya, laushin garin, ranar Lahadi. Na ce in so take in rufe gareji ta faɗa min a fuskata, ba sai an bi ta ƙirjin yarinya ba.

Ta ajiye wuƙar da ke hannunta a hankali. Ta ce, "Maimaita." Ban maimaita ba.

"Ni na haife ta, Baban Auta. Ni nake zaune a kanta ina ƙirga numfashinta kai kana can cikin ƙara ba ka jin komai. Ni ce zan barbaɗa mata?" Sai ta ce, "Ashe kai ka ɗauki rariyar."

Ba ta yi kuka ba, da ta yi da ya fi min sauƙi. Na koma gareji na kunna inji. Akwai teburan makaranta goma sha biyu da za a karɓa ƙarshen mako, samfefa kawai suka rage.

Talata, 4:35 na yamma

Ciwon Auta ya sake tasowa. Bai kai na wancan karon ba, amma ya kusa. Ina gareji, ban ji kiran ba, sai da ta zo ta kashe min inji daga bango.

Daga asibiti ba su dawo nan ba. Yaya ya zo ya ɗauki jaka biyu. A bakin ƙofa ya tsaya kamar zai ce wani abu, na shirya masa amsa, sai ya ce, "Ka ci abinci, Kafinta," ya ja motarsa.

Laraba, 9:00 na safe

Takalmin Auta ɗaya yana ƙarƙashin kujera. Ɗayan ban san inda yake ba.

Laraba, 6:00 na yamma

Na goge faranti da safe, na kulle ɗakin, na kulle gidan, na yi aiki wuni guda. Yanzu na buɗe. Ya yi fari fat, har ya fi na kullum.

Maman Auta ba ta nan. Na zauna a bakin gadon na daɗe. Amma tana da makullin gida, kuma in ina cikin ƙarar inji ko rufin aka ɗauke ba zan ji ba. Yaya yana da mota. Dogo ma ya wuce ta layin nan sau biyu yau, me ya kawo shi?

Gobe zan kama ko wane ne, da hannuna.

Alhamis, 7:30 na yamma

Zan rubuta yadda ya faru.

Na roƙi Tartsatsi ya zo ya riƙe min injin samfefa na awa ɗaya, ya rufe ƙofar gareji, don duk mai laɓe ya ɗauka ni ne a ciki. Ya tambayi dalili, na ce bayana ke ciwo. Ni kuma na zagaya na shiga ɗakin Auta, na tura ƙofa, na kwanta a gadonta ƙafafuna a waje, sanda a gefena. Wajen ƙarfe huɗu ne. Rana ta shigo ta taga ta yi layi ɗaya a tsakiyar ɗakin, babu komai a cikinta.

Na ji Tartsatsi ya kunna. Daga kan gadon nan ƙarar daban take, a bango kake jin ta, daidai kanka. Ban taɓa sani ba. Ban taɓa kasancewa a ɗakin nan inji yana aiki ba, tunda ni ne mai kunna shi.

Ina kallon ƙofa. Ba wanda ya taɓa ƙofa.

Sai na ji iska a goshina, mai ɗumi, mai warin katako. Na ɗaga kai. Ta hudojin bulon take shigowa. Na dubi layin ranar nan, ya cika. Ƙanana ƙanana, dubbai, suna juyawa suna iyo, suna sauka a kan filo, a kan faranti, a kan fuskata. Kifayen Auta. Ta gaya min tun ranar Laraba waccan, na ce ta gaishe su.

Na fita na leƙa lungu. Buhun ya kumbura, ƙura na fita ta jikin yadin kamar hayaƙi, lungu ba shi da mafita, bakin buhun kuma taku biyu ne daga hudojin. Duk mai laushin da da can take zama a gareji a kan girana, na tattara ta da fanka na hura wa 'yata. Na kuma ja gadonta na kai mata daidai wurin. Ranar Lahadi babu ƙura don ban kunna ba.

Tartsatsi ya same ni a tsugune a lungun. Ya dubi buhu, ya dubi bango. Ya buɗe baki, na ce, "Na sani, ka faɗa." Ya ce, "Ban ce komai ba, Malam. Tashi mu kwance."

Juma'a, 5:15 na yamma

Mun mayar da fanka bakin titi, Tartsatsi ya yi mata keji na ƙarfe. Bututu ya wuce rufi da tsayin mutum. Zanin gadon na jefar, mun samo matatar iska ta babbar mota wurin makanikai muka sa kafin bututun. Hudojin bangon na toshe su da siminti, lungun na wanke shi da ruwa sau uku. Gado ya koma inda yake.

Bututun nan da na yi ta lissafin zai ci da ni a kansa, ragowar wani aiki ne, ya ce in bar shi kawai.

Dogo ya zo ya tsaya, hannu a baya, yana kallo. Na buɗe masa murfin durom na nuna masa zoben ciki. Na ce in zai yi nasa kar ya sa buhu kusa da ɗakin kowa.

Asabar, 2:00 na rana

Na je gidan Yaya. Auta ta rugo ta rungume ƙafata, numfashinta shiru. Ta tambayi kifayenta, na ce na sallame su.

Maman Auta ta fito ta tsaya a bakin ƙofar ɗaki, ba ta zauna ba. Na faɗa mata komai a gaban yayanta, ban rage ba, har da lasar barkono. Yaya ya juya baya yana gyara labule, kafaɗarsa na motsi. Ita ba ta yi dariya ba.

Na ce ta yafe min. Ta ce, "Ƙurar kuskure ne, kowa yana yi. Ɗayar maganar fa?" Ta ce in ajiye faranti, in yi aiki kwana uku cur, kar in goge, ita za ta zo ta duba da yatsanta. "Naka idon na ga abin da yake gani."

Litinin, 1:10 na rana

Likita ta ce ƙirjin ya yi sauƙi, amma ai ba a gidan ta kwana ba. Ta ƙara mana mako biyu, in uwar ta yarda a gwada. Ta dubi uwar. Uwar ta dubi bango.

Talata, 6:00 na yamma

Ban shiga ɗakin ba. Sau huɗu ina zuwa bakin ƙofar ina komawa.

Laraba, 4:25 na yamma

Ta zo ita kaɗai, ƙarfe huɗu, ina tsakiyar aiki. Ta ce kar in kashe. Na ciro makullan daga wuyana na miƙa mata duka. Ta buɗe ɗakin, ta tsaya tana kallon layin rana, ta daɗe. Sannan ta ja yatsa a kan faranti daga wannan gefe zuwa wancan, ta kai shi taga ta duba. Ta shafa allon gado. Ta shafa saman ƙofa, inda ni ban ma tuna da shi ba.

Ba ta nuna min yatsan ba. Ta cire mayafinta ta rataye a ƙusar bayan ƙofa, ta ce Yaya zai kawo yarinyar bayan magariba, amma yau a ɗakin nan za su kwana ita da Auta, gobe ma haka, sai ranar da ta ga dama.

Na ce to.

Ta wuce kicin. Na ji tana buɗe tukwane tana tsaki, na san abin da ta tarar. Can ta ɗaga murya.

"Baban Auta."

Na ce na'am.

"Kawo min rariyata."